Ɗigo Na Shida

Ni na zaɓi injin da bakina. Shi nake fara tunawa duk lokacin da na so in ɗora wa wani laifi.

Baffa ne ya kai ni shagon. Ƙanin Abba ne, kuma tun da Abba ya rasu shi ke yanke magana a gidanmu. Shagon gilashi ne daga ƙasa har rufi, shi ya sa ake ce wa mai shi Mai Gilashi. Manyan jif-jif a jere, baƙaƙe da farare, kujerunsu cikin leda. An goge daɓen har kana ganin cikin motocin a ƙasa kamar suna tsaye a kan ruwa.

Wata shida ke nan Mai Gilashi yana neman aurena, ni kuma ina zillewa. Sai shi da Baffa suka ɓullo da dabara: zai ba ni mota, ranar da ta shiga gidanmu a tsayar da rana.

"Injiniya," in ji shi, yana shafa bonet ɗin wata baƙa, "yau ke za ki koya mana sana'armu. Wannan jikin inji uku ake sa masa. Akwai na fetur mai silinda takwas, in kin taka sai kin nemi gyalenki a kujerar baya. Akwai ƙaramin dizal mai huɗu, wannan ɗanɗana mai yake yi, ba ya sha. Akwai kuma..."

"Dizal mai shida," na ce.

"Fulogi shida ke nan?" in ji Baffa.

"Dizal ba shi da fulogi, Baffa."

"Ka ji ta ko? Shekara bakwai a ƙasar sanyi, abin da aka koyo ke nan, gyara wa manya magana."

Mai Gilashi ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. Ya san abin da na sani. An daina kawo mai shidan nan. Sai an aika, an jira, an ɗoro a jirgin ruwa. Wata biyar in an yi sauri.

"Me ya sa shi?" ya ce.

"Yana jan kaya ba ya haki. Kuma irinsa Abba ya hau."

Baffa ya sunkuya yana gyara takalminsa da ba abin da ya same shi.

Wata biyar nake so, ba mota ba.

*

Wanda nake so bakanike ne. Aikinsa nozul, wato bakin da ke fesa wa injin dizal mai. Garejinsa ɗaki ɗaya ne da rumfa a bayan layin masu walda. Ana ce masa Mai Ɗigo, saboda duk notin da ya gama ɗaurewa sai ya ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa. Kafin ɗaurin ƙarshe ba ya ɗigawa. In ka buɗe injin ka ga ɗigo, to an gama da wurin.

Shekara biyu da suka wuce, da damina, Abba ya kai masa jif ɗinsa gyaran nozul. Washegari da safe, a gangaren da ke sauka gada, injin ya mutu. Sitiyari ya sandare, motar ta ɓalle shinge ta faɗa kogi. An tsamo Abba da yamma. Motar kuwa, Baffa ya ce ruwan ya yi zurfi, an haƙura da ita.

Tun daga ranar Umma ba ta sake ambaton Mai Ɗigo ba sai da "wancan mai hannun". Ni kuma na tsaya a kan magana ɗaya: ba wanda ya ga injin, ba wanda ya isa ya ce ga abin da ya kashe shi. A inda na yi karatu haka aka koya mana. Ba ka yanke wa inji hukunci sai ka buɗe shi.

Daga shagon na wuce garejin. Na same shi ya duƙa a kan wani inji, leɓensa na motsi.

"Na samo mana wata biyar," na ce.

Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen lissafinsa ya ɗiga fenti.

"Wata biyar na me, ranki ya daɗe?"

"Na Umma ta huce."

"Umma ba zafi ta ɗauka ba, balle ta huce. Miji ta rasa." Ya goge hannunsa da tsumma. "Ki daina kare ni haka. Kullum kina faɗa da mutanen gidanku a kaina, ni ko barcin kirki ba na yi."

"Ka taɓa barin noti ba ɗigo?"

"A sanina, a'a."

"To shi ke nan."

"A sanina na ce."

Na ɗauka tawali'u ne irin nasa. Na ce masa ya aske gemun nan, ya fara kama da burushin wanke nozul. Ya yi murmushi kaɗan, na tafi.

*

Kwana tara aka yi.

Da hantsi ne, ina falo ina duba takardun aiki, Umma na ninke kaya. Daga can bakin layi na jiyo ƙarar dizal, irin sassanyar nan mai nauyi. A cikinta akwai wani ɗan ƙas-ƙas da ke zuwa yana ɗaukewa, kamar ana taɓa cokali a jikin kofi.

Umma ta ajiye zanen da ke hannunta.

Ba a yi hon ba, amma na ji Baba Maigadi yana jan ƙofa. Tsohon nan ko ni sai na yi hon sau uku yake tashi.

Umma ta miƙe, ta shiga ɗakin Abba da aka rufe shekara biyu, ta fito da silifas ɗinsa. Ta kai su bakin ƙofar falo ta jera, bakinsu na kallon ciki, yadda take yi in ya dawo daga tafiya. Sai da ta miƙe tsaye ta ga abin da ta yi.

"Umma."

"Na ji kamar..." Ta kalli hannunta. "Ba komai."

Ba ta ɗauke su ba.

A tsakar gida baƙar jif ce sabuwa fil, an ɗaura mata jan ƙyalle. Mai Gilashi ya fito yana kaɗa makulli.

"Dizal mai shida, Injiniya. Kin ce wata nawa?"

"Ban ce ba."

"Fuskarki ta ce."

Baba Maigadi na tsaye riƙe da ƙofa, bai rufe ba. Yana leƙen kujerar direba, ko da yake ya ga wanda ya fito daga ciki.

Da yamma Baffa ya zo ya ce ranar Asabar za a zauna a tsayar da rana. Saura kwana huɗu.

*

Washegari da safe na ga ruwa a ƙarƙashin motar. Ɗan kaɗan, faɗin tafin hannu. Na ce na na'urar sanyi ne, sai na tuna ba wanda ya kunna ta tun jiya. Na sa yatsa. Akwai yashi a ciki, mai laushi, baƙi-baƙi.

Na share. Kashegari ya dawo.

Na shiga na tayar da ita. Ledar kujeru na ƙamshin sabunta, amma da iska ta fara fitowa ta ramukan gaba sai wani wari ya biyo baya, na laka da ciyawar da ta daɗe a ruwa. Na kashe. Injin bai mutu nan take ba. Ya ƙara bugawa sau biyu, sau uku, kamar mai son ƙarasa magana.

Umma na tsaye a taga.

"Abbanku ba ya kashe ta da garaje haka," ta ce. "Sai ya bar ta ta huce."

"Wannan ba tasa ba ce, Umma."

"Na sani," ta ce, ta saki labule.

Na buɗe bonet. An wanke komai tas, an shafe shi da mai yana ƙyalli. Inda lambar injin take an goge ta da dutsen wuta an buga wata, layin ma bai miƙe ba. Na ɗaga gefen baƙin murfin roba da ke rufe nozul, na haska da waya.

Ɗigo ruwan ɗorawa. Kusa da shi wani. Bayansa wani.

Na mayar da murfin na zauna a kan dakali. Injin Abba ne. An tsamo shi, an busar, an ɗora a sabon jiki, an kawo mana shi har gida da jan ƙyalle.

Ban yi kuka ba. Murna na yi, Allah ya yafe min. Ga injin da aka ce ba za a taɓa gani ba, ga ɗigon Mai Ɗigo a jikinsa daram. Uku na gani. Sauran suna can ciki, ƙarƙashin bututu, inda sai an cire murfin gaba ɗaya. Ban cire ba.

Na kira shi.

"Ka zo gidanmu ranar Asabar da hantsi. Ka zo da sifana."

"Gidanku? Umma ta ce in na sake taka..."

"Ka zo kawai."

*

Ranar Asabar Baffa ya sa babbar riga, Mai Gilashi ya zo da turare mai hawa kai. Kafin a zauna na ce su fito tsakar gida, akwai abin da zan nuna musu a motar. Umma ta biyo mu ta tsaya a bakin ƙofa, kusa da silifas ɗin.

Sai ga Mai Ɗigo ya shigo da kayan aiki, gemu a aske.

"Wa ya buɗe wa wannan ƙofa?" Baffa ya daka tsawa.

"Ni na kira shi. Baffa, ina motar Abba?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Tana kogi."

"Da injinta?"

Ya kalli Mai Gilashi, Mai Gilashi ya kalli makullinsa.

Na cire murfin na ajiye a ƙasa. "Umma, matso ki gani. Kunnenki bai yi ƙarya ba."

Ba ta matso ba. Ta dafa bango.

"Da rani ruwa ya janye," in ji Baffa, muryarsa ta sauka. "Aka ga rufinta. Na ce me za a yi da ita, a kawo wa uwarku ta riƙa kallo tana kuka? Shi kuma ya ce zai ɗauke ƙarfen."

"Inji inji ne," in ji Mai Gilashi. "Kin ce mai shida, a duk garin nan shi kaɗai ne. An wanke shi, an canza abin da ya lalace. Ni gata na yi miki."

"Ka kawo wa mace injin da ya kai ubanta kogi, ka ce gata?"

"Ban ɗauka za ki gane ba."

"Maigadi ma ya gane."

Na juya wajen Umma. Na yi kwana biyu ina shirya maganar, ta fito a jere.

"Shekara biyu kuna cewa hannunsa ne. Ga injin ya zo da kansa. Nozul shida ya taɓa, kowanne da bututu, kowane bututu da noti. In ya ɗaure, ɗigo yake sawa, kowa ya san haka. Zai ƙirga a gabanku. In shida ne, Umma, ki janye maganarki."

"In ba shida ba ne fa?" ta ce a hankali.

"Shida ne."

Mai Ɗigo ya ajiye kayan aikinsa. Ya matso kamar mai shiga ɗakin gawa. Ya ɗora tafinsa a kan injin ya ɗan jima. Sannan ya fara, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Ya ɗage wani bututu. "Huɗu."

Ya zura kai ciki. "Biyar."

Na shidan yana can ƙurya, daf da jikin mota. Na zura kaina kusa da nasa na haska masa. Daga waje bayanmu kawai ake gani.

Notin yana nan. Tsoho ne irin 'yan uwansa, da tsatsar ruwa iri ɗaya. Babu fenti a jikinsa, ko alamar an taɓa sawa.

"Ruwa ne ya wanke," na raɗa masa.

"Ya wanke ɗaya ya bar biyar?"

"To canza shi suka yi."

"Nawa ne. Ga inda sifanata ta ci gefensa lokacin kwancewa."

Ina jin warin lakar nan a hancina. Kwalbar fentin na aljihun gaban rigarsa, kanta ya leƙo, tazarar yatsa uku daga hannuna.

"Sa masa," na ce. "Ba mai gani."

"A'a."

"Don Allah. Sau ɗaya a rayuwarka. Ka ce shida kawai, ba sai ka sa ba, ba wanda zai leƙa."

"Shekara biyu ina ƙirga shi a barci, ranki ya daɗe. Kullum a biyar nake farkawa. Ina ce wa kaina sharrin mafarki ne." Hawayensa ya ɗiga a kan ƙarfen. "Na kama shi da hannu, na ɗauko sifana zan yi ɗaurin ƙarshe. Sai aka yi sallama a bakin rumfa."

Ban tambaye shi wa ya yi sallamar ba.

Ranar da aka kai masa motar gyara, da la'asar, Abba ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Bakaniken nan naki, na yarda. Mutumin da ke ƙirga noti ba zai wulaƙanta mace ba." Ban jira gari ya waye ba. Na fita da gudu na je garejin. Na same shi kansa cikin injin, na ce fito ka ji. Ya ce saura ɗaya. Na ce ɗayan zai jira, wannan ba za ta jira ba. Ya ajiye sifanar ya fito. Mun fi awa a bakin rumfar muna dariya kamar marasa hankali. Da Abba ya aiko a ɗauki mota, ni na taya shi mayar da murfin.

"Kada ka faɗa," na ce. "In ka faɗa mun rabu."

"In ban faɗa ba, da wane ido zan riƙa gaishe ta?"

"Nawa ne?" Umma ta tambaya daga bayanmu.

Ya zaro kansa ya miƙe. Ya cire hularsa.

"Biyar ne, Umma. Na shidan ban ɗaure shi ba. Jijjiga ta kwance shi, mai ya tsere, injin ya mutu. Abin da kike faɗa tun farko gaskiya ne."

Mai Gilashi ya saki numfashi, har da gyara tsayuwa. "Ai kuwa ma'aikatana sun ce sun tarar da ɗaya a kwance. Ni ban ma kawo komai a raina ba. To ka ga, Baffa, ashe..."

"Rufe min baki," in ji Umma, ba ta ko kalle shi ba. "Kai da ƙanin mijina ku fita. Injin na mijina ne, a nan zai zauna. In kana son jikin ka aiko a kwance maka."

Baffa ya buɗe baki. Ta dube shi sau ɗaya. Suka fita, babbar rigarsa na jan ƙasa.

Ta sauko daga bakin ƙofa, ta zo har gaban motar. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa matsowa haka ba.

"Me ya ɗauke maka hankali?"

"Ba komai, Umma. Sakaci ne."

"Wani ya kira ka?"

"Ba kowa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta nuna injin da haɓa.

"Ƙarasa aikinka."

Bai gane ba sai da ta maimaita. Ya ɗauki sifana ya zura hannu. Na ji ƙarfe ya kama, ya ja har notin ya yi ƙara. Ya buɗe kwalbar. Ɗigon ya sauka daidai. Sabo, ɗanye, ya fi sauran biyar haske.

"Shida," ya ce, da kyar.

"To. Ka gama da gidan nan. Na yafe maka don ba ka yi min ƙarya ba. Amma kada in sake ganinka, kada ta sake ganinka."

Ya tattara kayansa. Bai kalle ni ba, na san kuma don kada Umma ta karanta wani abu ne a idonsa. Baba Maigadi ya buɗe masa ƙaramar ƙofa ya rufe.

Muka rage mu biyu da motar.

"Mutum irin wannan ba ya ajiye sifana don ba kowa," in ji Umma. Ba ta juyo ba. "Ranar nan da la'asar kin fita da gudu. Takalman ƙafarki ma ba iri ɗaya ba ne. Na yi ta kiranki ba ki waiwayo ba."

A makaranta an koya min rubuta rahoton haɗari: abin da ya lalace, da abin da ya jawo. Ba a barin layi na biyu fanko.

"Ni ce, Umma."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗa mata abin da ta riga ta sani. Ta taka zuwa bakin ƙofa, ta sunkuya ta ɗauki silifas ɗin Abba, ta rungume su a ƙirji. Ta shiga. Na ji makulli ya juya sau biyu. Tun da aka haife ni ban taɓa jin an kulle ƙofar falon nan da rana ba.

Na tsuguna na leƙa ƙarƙashin motar.

Ƙasan a bushe yake.